Bature ya rubuta tarihin Shagari, dattijonmu ya tafi da nasa a ciki

Jiya aka yi addu'ar uku ta wani dattijonmu a nan Kangire, Allah Ya jiƙansa da rahama. Mutumin nan ya yi NEPU tun yana saurayi, ya sha ɗauri a hannun 'yan doka, ya zo ya yi PRP. In ya fara ba da labari a gindin darbejiya sai ka manta da abin da ya fito da kai. Na fi shekara biyar ina cewa zan je da waya in ɗauki muryarsa. Ban je ba.

Da daddare barci ya ƙi zuwa, sai na jawo wani tsohon littafi daga cikin kayan da kawuna malamin makaranta ya bari. Sunansa President and Power in Nigeria, tarihin rayuwar Alhaji Shehu Shagari ne, wanda wani ɗan jaridar Ingila mai suna David Williams ya rubuta, ya fito a 1982.

Na san yawancinku ba ku taɓa jin sunansa ba. Shi ne editan mujallar West Africa daga 1949 zuwa 1978, kusan shekara 30 ke nan a kujera ɗaya. Mujalla ce ta mako-mako da aka fara bugawa a Landan a 1917, kuma a zamaninta manyan ma'aikata da 'yan siyasa da ɗalibanmu da ke karatu a Ingila ita suke jira su ji abin da ke faruwa a Legas da Kaduna da Accra. Wato mutumin ya bi siyasarmu tun kafin 'yancin kai, ya ga jamhuriya ta farko, ya ga juyin mulkin 1966 da yaƙin basasa, duk daga teburinsa. Ba ɗan yawon buɗe ido ba ne da ya kwana biyu a otal ya koma ya ce ya san Najeriya.

Amma ina da ƙorafi, kuma zan faɗa. Tarihin mai mulki da aka rubuta yana kan kujera, ko marubucin waliyyi ne, sai ya yi kara. Littafin ya fito a shekarar da kuɗin mai ya ja baya, gwamnati ta shiga tsuke bakin aljihu. Ran 31 ga Disamba 1983 soja suka karɓe mulki. Ka ga an rufe littafin labarin bai ƙare ba. Sai a 2001 Shagari da kansa ya fitar da nasa, Beckoned to Serve.

Sannan ga wanda ya fi damuna. A 1979 nan yankin namu yana cikin Jihar Kano ne, Jigawa sai 1991. Kuma jama'ar nan PRP suka yi, ta Malam Aminu Kano. Rimi ya zama gwamna, Sule Lamido ya tafi majalisar wakilai a Legas. Me ya sa talakan Birnin Kudu da Gwaram ya juya wa NPN baya? Me ya gani a zamanin haraji da jangali da ya sa ya yi hakan? Ban ji muryar irin su dattijonmu a littafin Williams ba. To dama ba nasu ya zo rubutawa ba.

Kafin wani ya zo ƙasa ya rubuta min cewa Turawa sun ɓata mana tarihi, don Allah ya dakata. Tafawa Ɓalewa, Trevor Clark ne ya rubuta nasa. Sardauna, John Paden ɗan Amurka, 1986. Malam Aminu, Alan Feinstein. Nana Asma'u, Jean Boyd. Su suka zo suka zauna a zaurukanmu, suka sha furarmu, suka yi tambaya suka rubuta. Wa ya riƙe mana hannu?

Wanda ma ya fi ba ni kunya shi ne na Baba ta Karo. Tsohuwa ce ta ƙauye a ƙasar Zazzau, ba sarauta ba kujera. Mary Smith ta zauna da ita tana rubuta abin da take faɗa, littafin ya fito a 1954. Yau ana karanta aurarrakinta da kishiyoyinta a jami'o'in duniya. Da biro da takarda aka yi wannan fa, mu kuma kowa na yawo da rikoda a aljihu muna ɗaukar rigimar TikTok.

Na yaba wa Sule Lamido da ya fitar da nasa a 2025, ko ba ka tare da shi a siyasa. Sai dai shi ma da Turanci ne, kuma waɗanda suka yi masa layi a 1979 yawancinsu ba za su iya karantawa ba.

Akwai abokin marigayin guda ɗaya da ya rage, yana wani ƙauye ta wajen Gwaram, ido ya tafi amma kai garau. Ranar Asabar in Allah Ya kai mu zan je. Ina neman mutum ɗaya mai saurin rubutun Hausa da zai raka ni, man babur a wuyana.