Dara Tana Buƙatar Allo da Alƙalami

Gurabe talatin a ƙasa, layi biyar kowanne da gurbi shida, mutum biyu a zaune, wannan da tsinke goma sha biyu, wancan da tsakuwa goma sha biyu. Iyakar kayan dara ke nan, kuma arhar kayan ce ke ruɗar mutane su ɗauka wasan ma ba shi da zurfi. Alhali dara yaƙi ce mai zango biyu. A zangon farko kowa yana dasa 'ya'yansa ɗaya bayan ɗaya, ba ci, ba a kuma yarda ka jera uku ba. A na biyu ne ake tafiya, gaba ko baya ko gefe, wanda ya jera uku ya ɗauke ɗan abokin karawarsa, huɗu a jere kuwa a mafi yawan wurare ba ci ba ne. Gwanaye sun san tun a wurin dashe ake cin wasa. Sabon shiga bai san haka ba: yana ganin an cinye shi a ƙarshe, bai san tun a ɗa na shida ko na bakwai ya ba da gari ba. Ra'ayina shi ne abin da mai koyo ya fi buƙata hanya ce ta tsayar da wasa, a koma baya, a nuna masa inda ƙafarsa ta goce, kuma kayan yin haka ba su fi ƙarfin kafinta da malamin firamare ba.

Yadda aka gaji koyon dara a ƙasar Anka da Gummi da Bukkuyum, haka ma wajen maƙwabtanmu Dakarkarin ƙasar Zuru da suka yi suna a kanta, da Zabarmawan Nijar da ke kiranta dili, kallo ne. Yaro ya tsaya a bayan manya a gindin bishiya shekara da shekaru, wata rana a rasa abokin wasa a ce ya zauna, a yi ta lallasa shi har idonsa ya buɗe. Hanyar ta fitar da gwanaye, ba musu. Amma tana da sharaɗi guda, wato majalisa ta zauna daram, yau da gobe, da mutanenta. Wannan sharaɗin ne 'yan bindiga suka rushe. Ƙauyuka sun watse, dattawa suna gudun hijira a cikin garin Anka da Gusau, wasu sun riga mu gidan gaskiya. Ilimin da ba shi da mazauni sai kan mutum, ranar da aka tashi mutumin ya tashi.

Abu na farko da mai koyo ke buƙata allon katako ne mai gurabe, da 'ya'ya masu launi biyu. A wani wuri wannan ƙawa ce, a nan kuwa magana ce ta lafiya. A 2010 aka gano gubar dalma a ƙauyukan da ake niƙa dutsen zinare a cikin gidaje, irin su Dareta da Abare da Tungar Daji a Anka, da 'Yargalma a Bukkuyum, yara fiye da 400 suka mutu. Likitocin Na-gari Na-kowa sun yi ta jinya, aka kankare saman ƙasa aka zuba sabuwa, ƙauyen Bagega ma sai a 2013 aikin ya kai gare shi. Dalma ta ƙura da hannu take shiga baki. To, duk inda ake sarrafa dutse kusa da gidaje, yaron da ya tona gurbi da yatsa, ya tsinci tsakuwar da bai san daga ina ta fito ba, ya kuma kai hannu baki, ba wasa kaɗai yake yi ba. Allo a kan tabarma, da ƙwallon dabino a gefe guda, murafen kwalba da aka wanke a ɗaya gefen, sun raba shi da wannan haɗari. Ga kuma wata riba: dara ta ƙasa iska da akuya suna share ta, ta allo kuwa ana iya ɗauke ta yadda take a ajiye, gobe a ci gaba da nazari.

Amma allo ba komai ba ne in gurabensa ba su da suna, kuma a nan ne nake ganin babban giɓinmu. A rubuta haruffa shida a gefe ɗaya, na boko ko na ajami, a rubuta 1 zuwa 5 a ɗaya gefen, shi ke nan kowane gurbi ya sami suna, kowane motsi ana iya rubuta shi a littafin makaranta. Shataranji, wanda yau ake kira ces, ya samo asali ne a Indiya a matsayin kwaikwayon runduna mai dakaru da dawaki da giwaye da karusai, amma abin da ya mayar da shi ilimi alƙalami ne. A zamanin Abbasiyawa, al-Adli a ƙarni na 9 da as-Suli a ƙarni na 10 sun rubuta littattafai a kansa, suka tara abin da suke kira mansubat, wato a jera 'ya'ya a wani hali, a ce wa ɗalibi ya nemo hanyar ci. A 1737 wani mutumin Halab mai suna Philipp Stamma ya buga littafi a Paris da salon harafi da lamba, wanda ya zama tushen yadda ake rubuta wasan a yau. Saboda haka ne yaro a Legas zai iya zama shi kaɗai ya maimaita wasan da aka buga shekara ɗari da suka wuce. Me zai hana darar Gummi ta sami mansubat ɗinta? Hali ashirin kawai, daga mai sauƙi zuwa mai wuya, musamman tarkon nan da ake haɗa layi biyu ta yadda ɗa guda in ya je ya ci, in ya dawo ya ci, sun isa su gajarta wa mai koyo shekaru na tsayuwa a baya.

Masu wasannin yaƙi na Turawa, waɗanda dokokinsu ke cika littafi, sun gano cewa ba a ɗura wa sabon shiga komai a zama ɗaya. Wasan Squad Leader da kamfanin Avalon Hill ya fitar a 1977 ya kasa dokokinsa kashi-kashi: ka karanta kaɗan, ka buga karo guda da su, sannan a ƙara maka. Masu wasan go a Japan suna ba ƙarami damar dasa 'ya'ya har tara kafin gwani ya fara. Dara ma za ta karɓi wannan. A fara koyar da tafiya da ci a kan allon da aka riga aka dasa, dashe ya zo daga baya, gwani kuma ya yi rangwamen ɗa ɗaya ko biyu. Sai mutum na uku. Wasan yaƙin da wani hafsa mai suna Reisswitz ya gabatar wa sojojin Furusiya a 1824, kan taswira da guntayen ƙarfe ja da shuɗi, ƙarfinsa yana wurin alƙalin da ke zaune tsakani. Majalisar dara tana da 'yan kallo masu yawan baki, abin da ta rasa shi ne mutum guda da zai yi shiru har a gama, sannan ya mayar da 'ya'ya inda suke ya ce wa yaro, a nan ka faɗi.

Akwai ja, kuma mafi nauyinta ta malamai ce. Ba zan ɓoye ba: mazhabar Malikiyya tana da tsanani a kan shataranji, Risala ta Ibn Abi Zaid da muke karantawa a zaure ta hana shi tare da wasan nardu. Shafi'iyya kuwa sun tsaya a kan karhanci muddin ba caca, ba tozarta salla, ba alfasha. Ba aikina ba ne in yanke hukunci, kuma uban da ya bi fatawar hani ya bi abin da ke da asali. Abin da zan ce kawai, illolin da malaman suka fi ambata, kuɗi a ƙasa da rantsuwa da wucewar lokacin salla, a darar bakin kasuwa suke tsira, inda ba mai kwaɓa. Awa guda a harabar makaranta, gaban malami, ba sisi a tsakani, a tashi da kiran la'asar, ta fi nesa da su.

Wasu kuma za su ce, mutanen da ba su kwana da ido biyu rufe, ina su ina dara? Yunwa da tsaro su ne gaba, ba gardama. Sai dai yaron sansanin gudun hijira yana da yini guda cur da ba aji ba gona, kuma wani abu zai cika shi ko mun so ko mun ƙi. Tunde Onakoya ya fara koyar da ces ga yaran unguwannin talakawa a Ikorodu a 2018, ya kai har ya zauna awa 60 yana bugawa a birnin New York a 2024 don tara kuɗin karatun yara. Shi sai da ya nemi kayan wasan baƙi. Namu kayan, katako guda ne da kafintan Anka zai fafe a yini ɗaya.

Abin da ba ya jira shi ne dattawan. Dokokin dara sun ɗan bambanta daga gari zuwa gari, wasu ma suna buga ta a gurabe 42, don haka kada a zo da wata doka daga birni a ɗora wa kowa. Sassan Hausa na jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato da ta tarayya a Gusau suna da ɗaliban da ke neman abin rubuta kundi kowace shekara. A tura biyu ko uku Anka da Gummi da Bukkuyum da allo mai lamba da littafi, su zauna gaban gwanayen da suka rage, su rubuta yadda kowane gari ke dashe, da sunan da yake ba kowane tarko.