Ruwan da ke gudu daga gonakinmu



Idan ruwan watan Agusta ya sauka a ƙasar Faru, ba a jimawa sai a ga shi ja wur yana malala daga gonaki, ya bi kwari, ya faɗa rafi. Jan nan ƙasar saman gona ce, wadda gero da dawa ke ci, tare da takin da manomi ya ci bashi ya sayo. Inda aka sare itatuwa aka yi gawayi kuwa ƙasa ta zama fako, ruwa ba ya samun damar nutsewa, sai gudu. Ƙaramar hanyar ruwan da yaro ke tsallakewa bana, nan da 'yan shekaru ta zama kwazazzabo.

Asarar ba ta tsaya a gona ba. A 1978 aka kammala madatsar Bakolori a kan Gulbin Sakkwato, domin ta riƙe ruwa kimanin lita biliyan 450. Mutanen wannan yanki sun biya ta da tsada: an tashi ƙauyuka, kuma a watan Afrilun 1980 'yan sanda sun buɗe wa manoma masu neman diyya wuta. Madatsar da aka zubar da jini a kanta ba ta cancanci a bar laka ta cinye ta ba. Duk ƙasar da ruwa ya kwaso daga gonakin da ke sama da ita a cikinta take kwantawa, ta rage ruwan da mai shinkafar rani a Talata Mafara da Bakura ke jira. An ranto kuɗin Bankin Duniya an gyara magudanai, madalla, amma laka daga tudu take zuwa.

Maƙwabtanmu na jihar Tawa a Nijar sun farfaɗo da fako da fartanya da dutse. Suna haƙa ƙananan ramuka da suke kira tassa, su zuba takin gida, su jera duwatsu a gicciye domin ruwa ya rage gudu ya shiga ƙasa. Manoman Maraɗi kuma suna barin tohon gawo da sabara idan sun yi sassabe.

Haƙa tassa da jera duwatsu aikin rani ne, kafin ruwan fari. Mun san 'yan bindiga sun raba jama'a da gonakin nesa. To, Hukumar Raya Kogunan Sakkwato da Rima da malaman gona na Maradun su fara da gonakin bayan gari, inda manomi zai iya zuwa ya dawo lafiya.