Waiwaye: Gumel Ta Riƙe Sarautarta, Wa Zai Riƙe Labarinta?

Wajen shekarar 1750 Ɗan Juma da jama'arsa Mangawa suka kafa masarautar Gumel, ba da jimawa ba kuma ta koma bin Borno. Da jihadin Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya game ƙasar Hausa daga 1804, tutar Sakkwato ta kafu a Kano da Haɗeja da Kazaure, amma Gumel ba ta shiga ƙarƙashinta ba.

Wannan tsayin daka da jini aka biya shi. An gwabza da Kano, an gwabza da Damagaram. A 1845 aka taso da fada daga Tumbi, wadda yanzu take cikin Nijar, zuwa inda garin yake yau. Rikici da Haɗeja bai lafa ba sai da Sarkin Gumel Abdullahi ya rasu a fagen fama a 1872. Bayan nan mahara daga Damagaram suka yi ta kwashe mutane daga ƙauyuka, har Turawan Ingila suka iso a 1903, zamanin Sarki Ahmadu.

Sarauta ta tsira, Alhamdu lillahi, tana nan a kan Gumel da Maigatari da Gagarawa da Sule Tankarkar. Amma abin da takobi ya kasa ƙwacewa, sakaci yana neman ci. Harshen Manga ya ja baya, Hausa ta maye gurbinsa a bakin jikoki. Ranar Alhamis a kasuwar Maigatari za ka ga saurayi yana cinikin raƙumi da baƙo daga Nijar, ya san farashin kowace dabba, amma ka tambaye shi yadda kakanninsa suka baro Tumbi, sai ya yi shiru.

Akwai darasi a wurin ƙabilar Yaqui ta jihar Sonora a Meksiko. A farkon ƙarni na 20 gwamnatin Porfirio Díaz ta kwashi dubbansu zuwa aikin bauta a gonakin Yucatán, wasu suka tsere Arizona a Amurka. Duk da haka har gobe akwai masu jin harshensu, suna rawar barewa a bukukuwansu, domin tsofaffi ba su gaji da faɗa ba, yara kuma ba su ƙi saurare ba.

Mu ma masu faɗar ba su ƙare ba. Akwai maroƙan fada da ke jero sarakuna ɗaya bayan ɗaya, akwai limaman da suka san daga hannun wa ilimi ya shigo garinsu, akwai tsohuwar da ta san wanda ya haƙa rijiyar unguwa. Wayar da ke aljihunka ta isa ɗaukar muryarsu. Ka je ka durƙusa, ka gaishe su, ka yi tambaya, ka adana amsar tun suna raye. Da zafi-zafi akan bugi ƙarfe.