FILIN MANOMA: FUREN KABEWA YA ZUBE, BA CIWO BA NE

A shekarar 2023, a ƙasar Amurka, wani manomi mai suna Travis Gienger ya noma kabewa guda mai nauyin kilo 1,247. Wannan ya fi buhu goma sha biyu na gero. Irinta daban ne, kuma ruwa ya yi mata yawa, ba ta kai ta gida daɗin miya ba. Amma labarin ya shiga kunnen samari.

Wani saurayi na kwarin Majiya, wajen Buza, ya ce shi ma sai ya gwada bayan ɗakinsa. Ya gina rame, ya cika shi da ɗanyen kashin awaki, ya shibka. Tsiron ya ƙone. Taki sai wanda ya ruɓe, ya huce.

Ya sake shibka. Kabewa ta yaɗu, ta yi fure. Kwana da kwanaki fure na zubewa, babu ɗa ko guda. Ya ce ƙasar ce ba ta karɓe ta ba. Ya tuge gindi biyu cikin ukku.

Nan ne ya yi babbar asara. Kabewa tana da fure iri biyu. Namiji shi ke fara fitowa, da siririn wuya mai tsawo. Yini guda yake yi, ya zube, ba ya yin ɗa har abada. Macen tana zuwa daga baya. Ana gane ta da ɗan ƙullutu a gindin furen, kamar ƙwan zabo. Ƙudan zuma ke ɗauko garin namijin su kai ma macen. In zuma ba ta zuwa, sai mutum ya tashi da sassafe, ya tsinko namijin, ya cire ganyen furen, ya goga cikin macen. Da rana ta take, furen ya rufe.

Gindin da ya saura ya kama ɗiya biyar. Wani tsoho mai garka a fadamar Tarka, kusa da Madawa, ya ce mashi ya bar guda, ya yanke sauran. Abin ya yi mashi zafi. To, amma gindi guda ba ya ƙosar da baki biyar. Tsohon ya ce kuma ya rufe gaɓoɓin yaɗon da ƙasa, su yi saiwa, su ƙara jan ruwa. Ya shimfiɗa rairayi ƙarƙashin ɗan don kada ya ruɓe, ya yi mashi inuwa da kara.

Shinge ne ya manta. Awaki sunka shiga, sunka cinye rabin ganyen.

Duk da haka kabewar ta nuna, sai da ƙanensa ya kama mashi sunka aza ta bisa amalanke. Ya yanke ta da ƙututturenta don ta jima. Ya shanya ƴaƴan cikin inuwa, ya ɗaure su a tsumma sai baɗi.