Salansa Mai Ƙara: Ka Gyara Ta Don Kunnenka, Ba Don VIO Kawai Ba

Yau maganarmu kan salansa ce, ta mota ko babur ko adaidaita sahu, irin wadda idan ta wuce ta layi sai jariri ya farka a firgice.

Akwai wata dabara da ta yi yawa. Idan lokacin sabunta takardu ya zo, ko an ji jami'an VIO sun fito hanya, sai mutum ya cusa soson ƙarfe ko ragar waya a bakin salansa, ƙara ta ɗan lafa, an wuce wajen a zare. A ganina wannan yaudarar kai ce, kuma mai abin hawan shi ne ke fara biyan kuɗinta.

Ka ga, salansa ba bututu ba ce kawai. A cikinta akwai ɗakuna da bututu mai huji-huji, wasu kuma da audugar gilashi a naɗe. Hayaƙi yana fitowa daga inji da bugu mai ƙarfi, sai waɗannan ɗakunan su rarraba bugun, audugar ta tsotse saura, amma hanya a buɗe take hayaƙin ya fice. Soson ƙarfe kuwa toshe hanyar yake yi. Hayaƙi ya rasa mafita, inji ya ɗau zafi, ja ya ragu, mai ya ƙara tafiya. Kuma ba ya daɗewa, ko ya ƙone ko ya yi tsalle waje da zafinsa kan wanda ke bayanka.

Na san abin da wasu za su ce: "Ai buɗaɗɗiyar salansa tana ƙara wa mashin gudu." A mashin ɗin tsere da aka saita injinsa da mansa don haka, e. Amma a ɗan babur ɗinmu mai 100cc ko 125cc, idan ka fasa cikin salansa ba ka taɓa saitin mai ba, yawanci abin da za ka samu shi ne raunin ja a ƙaramin gudu, da harbin tas-tas idan ka saki totur, da injin da ke zafi fiye da da. Kunnenka ne ke gaya maka kana gudu, agogon gudun bai ce haka ba.

Wasu kuma su ce ƙarar tana sa a ji zuwansu, ba za a buge su ba. To ina bakin salansa yake kallo? Baya. Direban da ke gabanka, gilas a rufe, AC da rediyo a kunne, sai ka zo dab da shi zai ji ka. Hon mai kyau da fitila mai aiki sun fi kare ka.

Yanzu ga inda ƙaiƙayi ke komawa kan masheƙiya. Ana auna ƙara da desibel. Hirar mutum biyu tana wajen 60. Hukumar NIOSH ta Amurka, mai binciken lafiyar ma'aikata, ta sa iyaka a 85 na awa 8 a rana, kuma duk ƙarin desibel 3 yana raba lokacin biyu: 88 awa 4, 91 awa 2, 94 awa 1, 100 kuwa minti 15 kacal. Babur da aka fashe wa salansa yana iya haura 100 a kusa da shi. Maƙwabcinka na jin ka na daƙiƙa goma ne ka wuce, kai ne ke zaune a kai tun safe har dare. Kuma jin da ƙara ta lalata ba ya dawowa. Idan kana sauka ka ji kunnenka yana "wiii", gargaɗi ne.

Ta ɓangaren doka ma, ƙa'idojin hanya na Najeriya sun wajabta salansa mai aiki a kan abin hawa, kuma hukumar NESREA tana da dokar taƙaita ƙara tun 2009.

To me za ka yi? Bi waɗannan matakan:

1. Auna da wayarka. Sauke manhajar auna ƙara, irin su Decibel X ko Sound Meter. A fili, nesa da bango, riƙe wayar santimita 50 daga bakin salansa, ta gefe a karkace, kada hayaƙi ya buge ta kai tsaye. Auna inji yana aiki ba totur, sannan a ɗan ba shi wuta zuwa tsaka-tsaki. Rubuta lambobin. Makirfon waya ba na'urar jami'ai ba ne, yakan yi kuskure idan ƙara ta yi yawa, amma ya isa ka kwatanta kafin gyara da bayansa.

2. Nemo inda take yoyo. Da safe inji na sanyi, a waje ba cikin rufaffen gareji ba, tayar da shi, wani ya danne bakin salansa da tsumma na daƙiƙa biyu ko uku. Za ka ji "fsss" a inda ta huje. Duba kuma baƙin hayaƙi a mahaɗa, nan ne gaskit ya mutu ko noti ya kwance. Sau da yawa matsalar ke nan, kuma ita ce mafi arahar gyara.

3. Ƙaramin huji, mai walda ya like. Idan tsatsa ta cinye jikin, kada ka ɓata kuɗi kan faci, canza ta.

4. Idan an fashe cikin, a mayar da bututu mai huji-huji daidai faɗin bakin, a ɗaure shi da noti, a sabunta audugar gilashi idan ta ƙone. Mafi sauƙi ma, nemi salansar asali ta samfurin abin hawanka.

5. Masu mota, a duba muku abin nan da bakanikai ke kira indomi. Yana tace hayaƙi, yana kuma rage ƙara. Saboda ƙarafa masu tsada da ke cikinsa ake cire shi a sayar, wani lokaci mai motar bai ma sani ba. Ƙara ta canza kwatsam bayan mota ta kwana a wani wuri? Fara dubawa nan.

Wani abin lura mai muhimmanci: salansar da ta huje a ƙarƙashin mota tana iya turo iskar kabon monoksaid cikin mota. Ba ta da wari, ba ta da launi, tana sa ciwon kai da jiri da barci, tana kuma kisa. Soson ƙarfe a baki ƙara tura hayaƙin yake ta wannan hujin.

Gaskiya ne kuɗi sun yi wuya, kuma sabuwar salansa ba araha ba ce. Amma fara da mataki na 1 da na 2, ba su cin ko sisi, wataƙila ma gaskit ne kawai. Gyara kayanka dai bai zama sauke mu raba ba.

Ka auna taka yau, ka sake aunawa bayan gyara, ka ga bambancin da idonka. Sannan ka tura wa abokin nan naka da tun daga bakin titi ake sanin ya dawo gida.