Makiyayi ya saurari kukan tsuntsu a bakin tabki

Jama'ar Gure, tun 2014 da aka ga zinariya a Jado, ba ƙaramin adadi na samarin ƙasar Damagaram suka tafi tono ba. Sana'ar tana tafe da zaiba, wannan ruwan ƙarfe mai sheƙi da ake haɗa garin dutse da shi don ya kama zinariya, sannan a ƙone shi. Ni a ganina ƙungiyoyinmu su yanke hukunci tun yau: kada a yarda kowa ya wanke ƙasar zinariya ko ya ƙona zaiba kusa da rijiya ko tabkin da dabbobi ke sha.

Dalilina ya fito daga wajen tsuntsaye. A jihar Bajiniya ta Amurka wata masana'anta ta zubar da zaiba a kogin South River daga 1929 zuwa 1950. Shekaru hamsin da ɗoriya bayan haka, ɗaliban jami'ar William and Mary da malaminsu Dan Cristol suka auna jinin ƙananan tsuntsaye masu waƙa. Waɗannan ba sa cin kifi, amma gubar tana jikinsu. Ashe gizo-gizo ne ke cin ƙwarin bakin kogi, su kuma su ci gizo-gizon. Ƙyanƙyasarsu ta ragu, har waƙar wasu ta gajarce. A Minamata ta Japan ma, cikin shekarun 1950, tsuntsaye da kyanwoyi ne suka fara faɗuwa kafin a gane cutar a jikin mutane.

Kusa da mu, a Zamfara, a 2010 gubar dalma ce ta kashe yara fiye da 400 a ƙauyukan da ake niƙa dutsen zinariya cikin gida. Agwagi sun riga su mutuwa, ba a kula ba.

Wani zai ce saniya ciyawa take ci, ina ruwanta? To, tana shan ruwa da laka, kuma zaiba tana taruwa a ƙoda da hanta. Tafasa ruwa ba ya fitar da ita, ba ta kuma ruɓewa. Tabkin da ya ɓaci bana, jikokinka za su same shi haka.

Ba wanda ya kai makiyayi daɗewa a bakin ruwa. Idan ka ga matattun tsuntsaye, ko dabba tana tangaɗi da dalalar da miyau, kawar da garke, ka sanar da ma'aikacin kiwo na Gure a ranar.