Baƙin Allo Ma Yana Bukatar Tsari

Matasanmu masu koyon haɗa manhaja a Sakkwato, daga Sama Road har Jami'ar Usmanu Danfodiyo, suna ƙawata fuskar manhaja, amma sun yi watsi da baƙin allon da ake buga umarni a kai. Wannan sakaci ne babba. Tun 1976 Stuart Feldman ya ƙirƙiro manhajar Make a Bell Labs, wadda da ita ake jera wa kwamfuta ayyuka ta yi su bi da bi. Sai dai in ta zubo sakamako a cakuɗe, layin da ya nuna inda aiki ya lalace yakan ɓace a tsakiya. Gyaran kuwa ba wuya: lambar ANSI 31 tana mayar da rubutu ja, 32 kuma kore. A sa kuskure ya fito ja, nasara kore, kowane layi ya fara da sunan aikinsa. A kuma ɗora allon kan UTF-8, don kada ɓ, ɗ da ƙ su rikiɗe. Wanda zai gaji aikinka yana da haƙƙi a kanka. Malamai, don Allah ku koyar da wannan tun darasin farko.